Tutiyar da Muka Binne a Majema

Litinin, 5 ga Satumba 1960, bayan la'asar

Da hannuna na jawo. Gara in rubuta haka tun farko, don kada gobe in ɗora wa wani.

Aikina tun da na dawo daga kwas a Jos shi ne bin babban bututun ruwan da ya taso daga tanki ya shigo gari, in gano inda ƙasa ke cinsa kafin ya huje. Ba tonawa nake yi ba. Akwai agogon awo mai allura, akwai kwalbar ruwan shuɗi da nake dasa gindinta a ƙasa, waya ɗaya a jikin bututu ɗaya a kwalba, sai allura ta nuna. Shi ya sa 'yan kasuwar Wunti suke ce mini malamin bugun ƙasa. Ni kuwa ba na jin haushi, don nawa bugun bai taɓa yin ƙarya ba, kuma yau na so a ce ya yi.

Duk tsawon bututun, ba inda ya ruɓe kamar bayan ganuwa, daidai majema. Ruwan bagaruwa da toka da duk abin da ake zubarwa daga ramukan jima yana tsuma ƙasar, ita kuma tana lasar ƙarfen. Jalo, shugaban masu tono, ya buɗe wajen, na kankara da wuƙa, ƙarfen ya ɓare kamar ɓawon rogo. Na rubuta abin da na gani na kai ofis. Injiniya, Baturen da ke shugabantar mu, ya karanta, ya cire lofensa daga baki, ya ce to sai a cike ramukan, majema su koma can bayan gari. Ba zai yarda ruwa ya yanke ana bikin 'yancin kai ba.

Bai san ramukan mahaifina ba ne. A takardar ofis Mansir Bauchi nake, ba Mansir ɗan Bakari majemi ba.

Talata, 6 ga wata, bayan magariba

Labari ya riga ni zuwa gida. Na yi sallama a bakin majema, waɗanda suka goya ni ina yaro suka amsa ba tare da sun ɗago kai daga fatun ba. Goggo Kubura, ƙanwar Baba, ita ce kaɗai ta dube ni sosai. Ta ce ashe karatun da aka kai ni na koyon yadda ake tashin mutane daga gidan ubansu ne. Na ƙyale ta. Ita Goggo in ta fara, sai ka bari ta sauke da kanta.

Baba bai fito ba. Na durƙusa a bakin labule na gaishe shi, ya amsa da kalma ɗaya. Wannan ba sabon abu ba ne, tun bara muke haka, kuma maganar bara ba zan rubuta ta a nan ba.

Ramukan nan kakan Baba ne ya haƙa su. Rijiyar tana nan, inuwar bagaruwar tana nan. Bayan gari ba ruwa. In an ce su koma can, an ce su daina ke nan.

Alhamis, 8 ga wata, da hantsi

Na tare Injiniya tun kafin ya shiga mota. Na gaya masa akwai dabarar da aka koya mana a Jos: a binne guntayen tutiya, wani ƙarfe mai launin toka, kusa da bututu, a haɗa su da waya, sai cin ya koma kan tutiyar, ƙarfen ya huta. Ya ce ya sani, shi ya rubuta takardar da aka koyar da mu da ita. Kunya ta kama ni, amma ban ja da baya ba. Ya tambaye ni me ya sa na damu da wari haka. Na ce gidanmu ne.

Ya dube ni. Sannan ya ɗauki agogon awon, ya ɗora yatsa a kan jan layin da ke fuskarsa. Ya ce zai tafi Jos, zai aiko da tutiya, zai dawo ran Talata ta ƙarshen wata. In allura ta haye jan layin nan a gabansa, majema ta zauna, a yi mata magudanar ruwa kawai. In ba ta haye ba, kada in ƙara yi masa maganar.

Za ta haye. Ko da haƙorana zan ja ta.

Asabar, 10 ga wata, bayan la'asar

Tutiya ta iso a motar gyaɗa. Na ɗauki guda ɗaya da ragowar waya na kai gida, don su gani da idonsu cewa ba zaune nake ba.

Muka zauna a tsakar gida, ni da Goggo da dattawan majema uku. Na fara bayani irin na makaranta, na ga idanuwa sun fara lumshewa. Jalo, da ya rako ni, ya ce, "Malam, bari. Ƙasa yunwa take ji. Ka ba ta abinci, ta ƙyale bututu. Shi ke nan fa." Nan take kowa ya gane. Na ji daɗi har na ƙwace zancen na maida shi nawa. Na nuna musu yadda ake haɗawa: a kankare bakin waya sai ta yi ƙyalli, a kankare jikin ƙarfen shi ma sai ya yi ƙyalli, a naɗe tamau, a rufe da kwalta don kada ruwa ya shiga tsakani. Na maimaita har sau biyu, da ƙarfi, alhali duk suna kusa da ni. Na san wanda nake ɗaga wa murya. Labulen ɗakin Baba ko motsi bai yi ba.

Goggo ta ɗauki tutiyar ta juya ta, ta taɓe baki. Ta ce wannan abin, mai kama da tuwon da ya kwana, shi za a ba baƙuwa ta ƙoshi? Ta ce Turawa ko a kyauta sai sun yi rowa. Aka yi dariya, har da ni.

Kunun da aka kai wa Baba ya dawo yadda aka kai shi.

Litinin, 12 ga wata, bayan isha'i

Mun binne. Ramuka shida a jere, kowanne da tutiyarsa, duk wayoyin suka haɗu a wani ɗan ginshiƙin siminti da muka kafa a gindin bagaruwa, inda zan riƙa awo. Majema duk sun bar aiki sun zo kallo. Ba wanda ya yi mini magana, amma wani ya aiko wa masu tono ruwan sha, kuma na san ƙwaryar, ta gidanmu ce.

Bayana kamar an daka. Hamsatu, matata, ta ce ina warin gida. Ban san ko tsokana ba ce, na ce mata na gode.

Laraba, 14 ga wata, da safe

Ta motsa. Allura ta motsa.

Juma'a, 16 ga wata, bayan masallaci

Kullum tana ƙara hawa, kaɗan-kaɗan, kamar tsohuwa a kan tudu. Yau tsakaninta da jan layi bai fi faɗin tsinke ba. Na je gida na faɗa a tsakar gida cewa saura ƙiris. Goggo ta tambaye ni, in ƙirisin nan ya ƙi cika fa? Na ce zai cika. Ta ce ita ba ta ce ba zai cika ba, tambaya ta yi. Na ce to sai addu'a.

Baba bai je Juma'a ba. Ban taɓa sanin ranar da bai je ba. Goggo ta ce ƙafa ce. To, ƙafa ce.

Litinin, 19 ga wata, da hantsi

Ta sauka.

Na ɗauka agogon ne. Na girgiza shi, na sake ruwan kwalba, na goge bakin waya, na auna a wani wuri don in gwada lafiyarsa. Lafiyarsa lau. Na dawo gindin bagaruwa, allura ta tsaya can ƙasa da inda na bar ta ran Juma'a. Jalo ya leƙa, ya dube ni, ya ja gefe ya ƙyale ni. Mutum ne da ya yi kiwo kafin ya riƙe diga, ya san lokacin da ake barin dabba ta huce.

Talata, 20 ga wata, bayan azahar

Ta ƙara sauka.

Laraba, 21 ga wata, bayan magariba

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne majema. Yanzu da abu ke lalacewa, yanzu suka ga dama suke gaishe ni. Wannan ya ce Mansir ya aiki, wancan ya ce ya ƙasar tamu. Har da murmushi. Ban gaya wa kowa ta sauka ba, ina amsawa da lafiya lau.

Na fara zargin sata. Tutiya tana narkewa a maƙera, kuma ƙasar gindin ginshiƙi ta yi mini kama da wadda aka taɓa. Amma an yi ruwa ran Lahadi, ba za ka rantse ba. Na tambayi Goggo a fakaice ko ta ga wani yana shawagi a wajen. Ta ce wa zai taɓa? Ta ce in kwantar da hankalina, abu ya riga ya yi kyau. Tana magana tana tuƙa tuwo, kuma wani abu ya yi mini baƙo a tuƙin, ban gane ko mene ne ba sai da na iso ɗaki. Shiru ne. Tun ina yaro, in Goggo na tuƙi ana jin mundayenta har zaure.

Goggo ta koma kwana a ɗakin Baba. Na ga an shiga masa da ruwan alwala a gwangwani, na yi niyyar in yi faɗa, sai na tuna ba ni da bakin faɗa a gidan yanzu.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar

Na bi lissafina daga farko. Daidai yake. Na bi wayoyin da suke sama. Daidai suke. Na zauna a gindin bagaruwa da agogo a cinya har masu jima suka tashi sallah suka dawo.

Hamsatu ta ce in aika wa Injiniya ya ƙara mini lokaci. Ba zai ƙara ba, kuma ba zan roƙa ba. An fara kafa tutoci a hanyar Bariki, 'yan makaranta suna ta koyon maci, kowa ka gani maganar ran ɗaya ga wata yake yi. Ni ran Talata kawai na sani.

Na ce wa Jalo jibi za mu tone duka shida. In an sace, in gani. In ni na yi kuskure, in gani.

Asabar, 24 ga wata, bayan azahar

Ba mu kai ga tone shida ba.

Mun je da sassafe, ni da Jalo kaɗai, majema duk sun tafi kasuwar fata. Muka fara da gindin ginshiƙi. Diga bai yi nisa ba ya daki wani abu ya yi ƙara. Jalo ya ajiye shi ya sa hannu. Tasa ya fara zarowa, ta tagulla, irin ta jeren amare. Sai wata. Sai mundaye, a jere a waya kamar kifi a tsinke. Sai zobba, sai wani tsohon ludayi. Duk an haɗa su da ragowar wayar da na manta a gida, an kawo bakinta an ɗaura a jikin tawa.

A can ƙasa, a naɗe cikin jar fatar akuya, butar Baba. Butar tagullar da mahaifinsa ya ɗauko daga Makka a ƙafa. Ban taɓa ganin wani ya yi alwala da ita ba sai shi. Ina yaro na taɓa ɗaukarta don in sha ruwa, har yau ina tuna abin da ya biyo baya.

Na zauna a bakin ramin. Jalo ya ce, "Sun ƙara wa ƙasa abinci ne, Malam. Mai kyau suka ba ta."

Haka ne. Mai kyau suka ba ta. Abin da ban faɗa ba ran Asabar ɗin da na kai tutiya gida, don ina ta jin daɗin an gane ni, shi ne ƙasa ba mai kyau take ci ba. Mai rauni take ci. In ka haɗa tutiya da ƙarfe, tutiya ce za ta tafi. In ka haɗa tagulla da ƙarfe, tagulla za ta zauna daram, ƙarfen ne zai zama abincin. Kwana da kwanaki tarin nan yana shanye ƙarfin tutiyata a banza, yana janye allura ƙasa.

Na yanke wayar. Muka zuba kome a buhu, muka maida ƙasa, muka daddanne. Kafin mu bar wajen na dasa kwalba. Allura ta ɗan ɗaga kai.

Ban san ko dariya ya kamata in yi ba. A hanya, buhu a bayan keke yana ta ƙara, na ji hawaye suna zubo mini, ina tuƙi ina gaisawa da mutane.

Lahadi, 25 ga wata, bayan la'asar

Na kira Goggo zaure na gaya mata. Da farko ta taso mini, wai wa ya aike ni tonawa. Da na yi mata bayani sai ta zauna a kan dakali, ta riƙe wuyan hannunta inda mundayen suke a da. Ban taɓa ganin Goggo a haka ba, kuma ban ji daɗin gani ba.

Ta ce Baba ne ya kawo shawarar. Ran Juma'a, bayan na tafi, ya kira ta ya ce yaron nan ya ce saura ƙiris, kuma abin da Turawa suka ba shi ba zai isa ba, a cika masa. Ya ce a ɗauko butar. Da mata suka ji Bakari ya ba da butarsa, ba wadda ta iya riƙe nata. Ya hana a gaya mini, wai zan ce ba haka yake a littafi ba.

Ta ce kayan mata za ta san yadda za ta mayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama rigata.

"Shi kam kada ka gaya masa. Ka ji ni, Mansir? Ba shi da sauran lokaci."

Ba wanda ya taɓa faɗin haka a fili sai yau.

Na shiga ɗakin. Rabona da wuce labulen nan tun bara. Ba zan kwatanta yadda na same shi ba. Na gaishe shi, ya nuna mini bakin gado, na zauna. Can ya ce, "Ƙasar ta karɓa?"

Na ce, "Allura tana hawa, Baba."

Ya lumshe ido. Ya ce dama ya sani. Ya ce ku 'yan boko kun iya abu, amma ba ku san yadda ake ba da abu ba. Na ce haka ne. Hannunsa yana kan gwiwata har na tashi, baƙi ƙirin da bagaruwa kamar kullum, shekara da shekaru bai taɓa fita ba.

Ban yi masa ƙarya ba. Na sake duba abin da na faɗa, ba ƙarya a ciki. To me ya sa nake ta dubawa?

Litinin, 26 ga wata, da hantsi

Tana kan layi. Ba ta haye ba, ba ta sauka ba. Na zuba wa gindin kwalba ruwa, na yi bisimilla, na sake aunawa. Tana kan layi.

Talata, 27 ga wata, bayan azahar

Injiniya ya zo da nasa agogon, bai yarda da nawa ba, kuma da ni ne shi haka zan yi. Majema sun kewaye mu. Ya toshe hanci da hankici, ya durƙusa da kansa, ya dasa kwalba. Ni ban kalli agogon ba, fuskarsa na kalla. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya jira, ya sake ƙwanƙwasawa.

Ta haye. Da ƙyar, amma ta haye.

Ya ce a fara haƙa magudana bayan biki, a riƙa awo kowane wata, in tutiya ta cinye a sa wata. Ya ce aikina ne, tunda gidanmu ne. Ya shiga mota ya tafi. Dattawa suka ɗaga hannu suna salati, wani ya ce Allah ya saka wa Bakari.

Da gudu na shiga gida, kamar yaro. Na faɗa wa Baba a kunne. Goggo ta ce ya ji. Ni ban ga alama ba, amma ita ta fi ni saninsa, ta ce ya ji.

Laraba, 28 ga wata

Ban je aiki ba.

Asabar, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Tun safe ake kiɗa a gari. Daga zaurenmu muna jin 'yan makaranta suna waƙa a fili. Mu muna kan tabarmi, zaman makokin Baba, ana shigowa ana fita, Goggo tana aiko da waina daga ciki. Famfon bakin Ƙofar Wunti yana zuba, na lura da shi a hanya, ba zan iya hana idona ba.

Duk wanda ya zo gaisuwa sai an ba shi labarin. Cewa tutiyar Bature ta gaza, Bakari ya ba ƙasa butar Makka, ta karɓa, majema ta tsira. Labarin har ya fara yin rassa. Wani dattijo ya juya ga Jalo ya ce ai kai kana wajen, ba haka aka yi ba? Jalo ya dubi ƙasa ya ce Malam Bakari ya ba da abin da ya fi so. Aka ce Allah ya ji ƙansa. Na ce amin tare da kowa.

Wata rana dole in faɗa musu, kafin wani ya sake binne tasar matarsa don ya taimake ni. Zan faɗa. Ba yau ba.

Da na dawo ɗaki na jawo buhun daga ƙarƙashin gado, na ware na mata gefe don Goggo. Na warware jar fatar. Ran da muka tono ta ban tsaya na duba ba, sai yau. An kankare wuyan butar sai da ya yi ƙyalli. An kankare wayar ita ma. An naɗe ta tamau, zagaye a kan zagaye, ba inda ya hau wani, aka ƙulle da irin ƙullin da yake ɗaure fatu da shi, wanda ya koya mini na kasa. Da ba su da kwalta, sai aka shafe da danƙo. Goggo ta ce a kwance ya yi shi, ya ƙi yarda kowa ya taɓa, ya ɗauki yini guda.

Ko a Jos ban ga haɗi mai kyau kamarsa ba. Da ya yi shi sako-sako, da ruwa ya shiga tsakani, da allura ba ta ma san da butar ba. Don ya yi daidai ne ta faɗi. Duk abin da na faɗa a tsakar gida ran nan, ina ɗaga murya ina jin haushin labule, yana jina. Ba abin da ya bari ya wuce.

Hamsatu ta kawo almakashi ta ce in cire wayar a wanke butar. Na ce a bar ta haka.

Jibi Litinin akwai awo a gindin bagaruwa.